Malamin Asibiti a Tarihin Ƙasar Hausa

Duk wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta tarihin shigowar maganin Turawa ƙasar Hausa, galibi da sunayen likitoci yakan fara, sa'an nan ya bi su da sunayen manyan asibitoci da shekarun da aka aza harsashinsu, alhali kuwa in aka bi diddigin al'amarin ta bakin waɗanda suka sha maganin, wato talakawan karkara, waɗanda su ne mafi rinjayen jama'a a da da yanzu, sai a tarar da yawansu sun rayu, sun tsufa, har sun koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa tsayawa gaban likita ba. Wanda suka sani, wanda ya wanke musu gyambo, ya auna musu ruwan magani cikin kwalba, ya yi wa 'ya'yansu lamba, ya kuma faɗa musu gaskiya ran da ciwo ya fi ƙarfinsa ya ce a ɗauki majiyyaci a nufi birni, shi ne malamin asibiti. Mutum ne da hukuma ta ɗora wa amana mai nauyi, ta ba shi ilmi ɗan daidai, ta kuma shata masa iyakar da ba zai ƙetare ba komai hazaƙarsa, kuma a ganina tarihin kiwon lafiya a ƙasar nan ba ya fahimtuwa sai an fara da shi.

Ya kamata a sani tun farko cewa ba fili fetal ya tarar ba. Tun kafin a ga Bature a Kano ko Katsina, kowane gari yana da wanzaminsa mai kaciya da ƙaho da sakiya da cire beli, da maɗori wanda ya gaji ɗorin karaya kaka da kakanni, da ungozoma mai yanke cibiya, da boka da 'yar mai ganye masu sanin saiwa da sassaƙe, da malami mai rubutun sha. Kowannensu an san gidansa, an san asalinsa, in ya yi kuskure an san inda za a same shi. A wajen malamai kuwa ilmin ɗibbu fanni ne mai daraja, wanda fuƙaha'u suka lissafa cikin farillan kifaya, wato wajibin da in wasu suka tsaya da shi ya sauka daga wuyan saura, in kuwa kowa ya bar shi al'umma duka ta shiga laifi, har Imamu Gazali ya koka a zamaninsa da yadda ɗalibai ke tururuwa kan mas'alolin saɓani na fiƙihu, suna barin garuruwan Musulmi ba likita daga cikinsu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wallafa a kan maslahohin ɗan Adam na addini da na jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta risaloli a kan ɗibbun Annabi da ciwon ido da basir, kuma da Kyaftin Kilafaton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Wannan hujja ce a kan cewa ƙyamar da aka nuna wa asibiti daga baya ba ta da tushe a shari'a. Ta taso ne daga hannun da ya kawo shi, domin hannun da ya miƙo kwalbar magani shi ne ya harba igwa a ganuwar Kano.

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, likitocin da suka biyo rundunar Turawa aikinsu kula da jami'an mulki da soja, kuma asibitocin farko na Lakwaja da Zungeru dominsu aka gina su. Ƙungiyar likitocin gwamnati ta Afirka ta Yamma, wadda aka tsara a 1902, dokarta ta hana ɗaukar likitan da ba Bature ba, ko da a Ingila ya yi karatu ya sami shahada irin ta takwaransa. To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: likita guda ba zai danne majiyyaci ba, ya dafa kayan aiki, ya naɗa bandeji, ya kuma fahimci mutumin da ba ya jin harshensa, saboda haka lalura ta sa ya jawo wani kusa da shi, yaron gida ne, ko soja, ko leburan da aka ga yana da natsuwa da tsabtar hannu. Waɗannan su ne mataimakan farko, da ido suka koyi aiki. Masu mishan, irin su Likita Mila wanda ya zauna birnin Zariya tun 1905 kafin mishan ɗin ya koma Wusasa, su ma sun horar da nasu yaran, amma da yake gwamnati ta taƙaita musu shiga ƙasashen sarakunan Musulmi, tasirinsu a wancan lokaci bai yi nisa cikin karkarar Hausa ba.

Al'amari bai sauya ba sai da baitulmalin En'e ya yi ƙarfi har aka ga ana iya ware wani abu daga harajin talakawa a mayar musu da shi ta hanyar magani. A ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe asibitin cikin birnin Kano, wanda ake kira Asibitin Murtala a yau, daga nan kuma sai ɗakunan shan magani suka fara bayyana a manyan garuruwan gundumomi, kusa da gidan hakimi da kotun alƙali da makarantar elementare. A farkon shekarun 1930 aka kafa makarantar haɗa magunguna a Zariya da makarantar tsabta a Kano, wadda ta riƙa fitar da duba-gari, aka kuma shiga ɗibar yaran da suka gama elementare ko midil ana koya musu aikin ɗakin magani. Abin lura a nan shi ne, wannan sabon ma'aikaci bawan sarki ne a idon jama'a, albashinsa daga baitulmali yake fita, hakimi ne ubansa a garin da aka tura shi, yana sallah a sahu ɗaya da mutane, yana zuwa musu suna da jana'iza; wannan kuwa ya yi wa maganin Bature wata hidima da babu likitan da zai iya yi masa, domin mutum ya fi sakin jiki ya haɗiyi abin da bai san asalinsa ba in wanda ya miƙo masa ya san mahaifinsa.

Ɗakin shan magani na wancan zamani ɗan gini ne mai ɗaki biyu ko uku da rufin kwano, da rumfa a gaba, da tebur, da kabad, da babban littafin rajista. Kafin hantsi lebura ya share, ya hura risho, ya ɗora tukunyar da ake dafa sirinjin gilashi da allurai, malam ya fito cikin kakinsa ya zauna. Masu gyambo su ne a sahun gaba, sun jeru a kan benci, kowa ya kwance tsumman da ya ɗaure ƙafa da shi, a wanke miki da ruwan magani mai launin shunayya, a naɗe, a ce ya dawo jibi. Ƙananan raunuka a shafa musu aidin, masu ƙazwa a ba su mai. A kan kanta akwai manyan kwalabe, na tari daban, na zawo daban, na ciwon ciki daban, ga kwinin mai ɗaci na zazzaɓi, kowane majiyyaci kuma da 'yar kwalbarsa yake zuwa, a zuba masa, a nuna masa da yatsa iyakar abin da zai sha safe da yamma. Tsoho ya zauna, malam ya ce, "Sannu Baba, ina ke ciwo, tun yaushe?" Tsoho ya ce, "Wallahi Malam, sanyi ne ya kama ni, jikin duk ya mutu." A nan ainihin gwanintar take, domin sanyi da zafi da shawara da iska, waɗanda da su Bahaushe yake sifanta cutarsa, ba su cikin littafin da aka koya wa malam, kuma shi ne zai saurara, ya taɓa, ya duba ido da harshe, ya gane wanne ne kwalabensa za su iya, wanne ne kuma jinkirin kwana ɗaya zai zama ajali. Likita yakan zo rangadi daga babban garin lardi jifa-jifa, ya duba rajista, ya ƙirga abin da ya saura a kabad, ya wuce. Sauran kwanakin shekara malam shi kaɗai ne, kuma ƙofarsa ake bugawa da tsakar dare in maciji ya sari manomi ko an kawo wanda ya faɗo daga itace.

Inda aka fi ganin ƙimar waɗannan bayin Allah shi ne yaƙin da aka yi da ciwon barci. Daga ƙarshen shekarun 1920 zuwa cikin na 1930 wannan cuta, wadda ƙudan tsando ke ɗauka daga jinin mai ita ya kai wa mai lafiya a bakin rafi da mashaya, ta bazu a ƙasar Zazzau da kudancin Kano da Katsina da Filato da Binuwai, kuma yawan zirga-zirgar leburorin reluwe da na haƙar kuza ya taimaka mata. Wani likitan Faransa mai suna Jamo ya riga ya nuna a Kamaru cewa mai wannan ciwo ba a zama a jira shi a asibiti, bin sa ake yi har ƙauyensu, kuma ana iya koya wa samari kowanne aiki guda ɗaya har ya ƙware a kansa fiye da zato. A kan irin wannan tsari aka kafa ayarori a Nijeriya ta Arewa. Ayari ya sauka gari, dagaci ya tara mutanensa gida-gida, a jera su, malami na farko ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lalube wuyansu da yatsu yana neman kaluluwa. Wanda aka ji masa kumburi a ware shi, na biyu ya soka 'yar allura cikin kaluluwar ya tsotso ɗigon ruwa ya ɗiga a kan gilashi, na uku ya sunkuya kan madubin likita yana neman ƙwayar cutar da ranta tana motsi, na huɗu ya rubuta suna, na biyar ya auna magani ya yi allura, a kuma ci gaba da yi wa mutum har makonni. Ɗaya daga cikin magungunan nan yana da guba wadda in ta yi yawa takan taɓa jijiyar gani har mutum ya makance, saboda haka awon da wani saurayi ya yi a ƙarƙashin inuwar tsamiya, ba mai duba shi, shi ne tsakanin warkewar mutum da rasa idonsa. Dubban ɗaruruwan mutane aka yi wa magani ta wannan hanya a cikin shekaru goman nan. Gaskiya ne akwai tilas a cikin aikin, domin doka ta wajabta fitowa a duba mutum, an kuma sa talakawa saran kurmin rafi, a ƙasar Anchau ma har aka tashi mutane daga matsugunansu aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Gunagunin wannan tilas kuwa a kan malaman ayari ya sauka, su da suke tsaye gaban jama'a, sunan da ya shiga littattafai kuma na Baturen da ya jagoranci shirin ne, Nash.

Haka aka yi da sauran annobai. Kuturta, wadda a da sai dai a killace masu ita a sansanoni irin su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina, da aka sami ƙwayar dafson mai araha sai a shekarun 1950 aka mayar da maganinta hannun malaman kutare, waɗanda suke hawa keke su bi garuruwa a ranakun da aka yanka, su kira suna, su miƙa ƙwaya, su tsaya har sai an haɗiye a gabansu. In bazara ta yi zafi sanƙarau ya ɓarke, su ne suke kwana a rumfunan zana a bayan gari suna ba da maganin emanbi. Agana kuwa, wadda ta makantar da mutane ta ɓata fuskoki tun zamanin da ba a tuna farkonsa, masu lamba ne suka bi ta, har zuwa babban gangamin da aka fara a 1967 da na'urar allura wadda ake takawa da ƙafa. A 1970 aka ga ƙarshenta a Nijeriya, a 1980 aka shelanta kawar da ita daga duniya.

Sai dai duk da wannan hidima, hukuma ba ta yarda ta buɗe masa ƙofar sama ba, kuma wannan shi ne zaluncin da ke cikin tarihin. Faransawa sun kafa makarantar likitanci a Dakar a 1918, inda 'yan ƙasashen da suke mulka, har da Nijar, suke karatu su fito da matsayin mataimakin likita, cikinsu har da Ufuwe Buwanyi wanda ya gama a 1925 ya kuma zama shugaban Kwaddibuwa daga baya. Ingilishi sun buɗe tasu a Yaba ta Ikko a 1930, ɗalibi ya shekara da shekaru yana karatu mai wuya, ya fito da takardar da ba ta da daraja a wajen Nijeriya, ya yi aikin likita a kan albashin da bai kai na likita Bature ba. Ɓacin ran wannan tsari yana cikin dalilan da suka sa samarin Ikko suka kafa ƙungiyarsu ta siyasa a 1934. Ba mamaki ba ne, ashe, da aka sami masu neman 'yanci da yawa sun fito daga wannan fage, domin wanda ya ga da idonsa cewa hannunsa yana iya abin da hannun Bature yake yi, sa'an nan aka ce masa matsayinsa ba zai wuce nan ba, ba ya bukatar mai yi masa wa'azi a kan mulkin mallaka. Malam Sa'adu Zungur ya yi karatu a Yaba, ya kuma koyar a makarantun ma'aikatan lafiya kafin ya tsunduma siyasa. Dokta Barau Dikko na Wusasa, likitan farko ɗan Arewa, wanda sai da ya je Birmingham ta Ingila ya sami cikakkiyar shahada, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Ko makarantar likitanci da Gwamnatin Arewa ta buɗe a Kano a tsakiyar shekarun 1950 mataimakan likita aka nufa ta fitar, kuma ba ta yi tsawon rai ba. Sai a 1967 aka fara koyar da cikakken likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello.

Adalci ya wajabta a faɗi aibin da ya shiga sana'ar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da fenisilin ya iso aka ga yadda allura guda take kashe ciwon da ya shekara yana cin mutum, sai jama'a suka ɗauka cewa magani in ba allura ba ne wasa ne, waɗansu ma'aikata kuma, saboda ƙarancin albashi da raunin tsoron Allah, suka mayar da ita haja, suna yi a gida da yamma a karɓi kuɗi, wani lokaci da allurar da ba a dafa ba, daga nan kuma masu allurar kasuwa waɗanda ba su taɓa shiga aji ba suka samo asali. Akwai kuma gibin da ba laifin kowane malami ba ne, wato kasancewarsa namiji: iyakarsa zaure, matan kulle suna ciki, naƙuda ta yi tsawo kwana biyu a hannun ungozoma kafin maigida ya yarda a kira shi, in ma an kira shi ba a koya masa karɓar haihuwa ba. Rabin al'umma ke nan aikinsa bai kai gare su ba sai ta bakin miji ko tsohuwa, kuma an daɗe ƙwarai kafin a sami 'yan mata Hausawa masu ilmin da za su cike wannan gurbi.

Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, En'e ta kau, ɗakunan shan magani suka koma hannun sababbin hukumomin, jihohi kuma suka shiga buɗe makarantun koyon aikin lafiya. Taron Alma Ata na 1978 ya tabbatar wa duniya abin da ƙauyukanmu suka daɗe da sani, cewa lafiyar jama'a a matakin farko take tsayawa ko ta faɗi, a 1979 kuma aka fara horar da jami'an lafiyar al'umma a asibitocin koyarwa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya ɗauki al'amarin da gaske: ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a 1986 don su zama abin koyi, aka haɗe tsofaffin muƙamai iri-iri a ƙarƙashin sunan ma'aikacin lafiyar al'umma, aka kuma ƙarfafa aiki da littafin ƙa'idoji, wanda yake jera wa ma'aikaci tambayoyin da zai yi, da alamun da zai duba, da maganin da zai bayar, da haddin da in ya kai wajibi ne ya tura majiyyaci gaba. A 1992 doka ta kafa hukumar da take yi musu rajista. A Nijar ma, daga 2001, gwamnatin Tanja Mamadu ta gina ƙananan ɗakunan magani masu yawa a ƙauyuka ta sa musu ma'aikata masu gajeren horo. Jikokin malamin asibiti, waɗanda yanzu mata suka yi yawa a cikinsu suna shiga har ɗakin amarya, su ne suka bi kurkunu tafki-tafki har aka tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya da Nijar a 2013, su ne kuma suka bi gida-gida da ɗigon shan inna a shekarun da ake zarginsu ana korarsu, har aka harbe waɗansu mata masu wannan aiki a Kano a watan Fabrairu na 2013.

A 2014 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufa wadda ta halatta wa waɗannan ma'aikata, bayan ƙarin horo, su yi ayyukan da a da sai nas ko ungozomar asibiti, kamar karɓar haihuwa da ba da maganin farko ga mai jijjiga ko mai zubar jini kafin a tura ta gaba, domin a yawancin ƙauyuka babu wani sai su. An ƙara musu nauyi ke nan, kuma sun ɗauka. Amma ma'aikaciyar da ta shekara ashirin tana karɓar haihuwa da fitila a hannu, in ta yi niyyar zama likita, shekarun nan ba a lissafa mata su a bakin komai. Sai ta koma ta nemi gurbi tare da yaran da suka gama sakandare bana, ta fara daga ajin farko.